Takardar haƙƙin ƙirƙira kan mayar da sharar roba haidurojin da mai: ba girin-girin ba dai, ta yi mai

Kusan duk bayan 'yan watanni sai ka ji wani kamfani ko wata jami'a sun fito suna shelar cewa sun samu takardar haƙƙin ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke bayarwa don hana wasu kwaikwayon abin da mutum ya ƙirƙiro, a kan wata sabuwar hanya da za ta mayar da sharar roba da leda ta koma iskar haidurojin ko man da za a zuba a inji, nan da nan sai mutane su ɗauka ai shi kenan an gama da matsalar bola, har a fara cewa kwanan nan leda za ta fi zinare daraja. Ina so ƙwarai a ce haka abun yake, domin duk mai ido yana ganin abin da roba ke yi wa magudanan ruwa da gonaki da koguna da dabbobi, amma gaskiyar magana ita wannan takardar abu guda take tabbatarwa, jama'a kuma wani abu daban suke ɗaukarta, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne masu zuba jari ke asarar kuɗi, gwamnatoci kuma ke sa hannu a kan yarjejeniyar da ba za ta haifar da komai ba.

Girman matsalar dai ba mai musu. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai duniya ta ƙera roba tan miliyan 460, sharar da ta fito ta kai tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ma ya lissafa cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan biliyan 8.3, mafi yawan wadda ta zama shara tana nan jibge a juji ko tana yawo a ƙasa da ruwa. Toh ka ga duk wanda ya ce yana da maganin wannan dole a saurare shi.

Mu fara da ita kanta robar. Daga ɗanyen mai da iskar gas ake yinta, kuma idan ka duba cikinta, musamman irin wadda ake leda da jarka da marfin kwalba da ita, wato foliyetilin da folifurofilin, ba komai ba ce illa ƙwayoyin kabon da suka sarƙe da juna a layi mai tsawon gaske, kowane kabon riƙe da haidurojin biyu a matsakaici. Shi ma fetur haka yake, kabon ne da haidurojin, bambancin kawai shi layinsa gajere ne, kabon 4 zuwa 12 haka, dizal ya ɗan fi shi tsawo, ita kuwa roba dubbai ne a layi ɗaya shi ya sa ta daskare ta zama abu mai tauri. Dan haka aikin gaba ɗaya shi ne a yanka dogon layin nan gunduwa-gunduwa. Hanyar da aka fi sani ita ce a zuba robar a rufaffiyar tukunya a hana iskar oksijin shiga, a ba ta wuta ta kai digiri 400 zuwa 600, tunda babu iskar da za ta sa ta kama da wuta sai ta narke ta farfashe ta tashi kamar tururi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwan mai, wani kaso ya tsaya a matsayin gas, wani ya zama kaki, sai kuma baƙin gawayi a ƙasan tukunya. Masana suna kiran wannan fairolisis, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake binne itace a rufe shi da ƙasa a yi gawayi ya riga ya ga tushen abun.

Idan kuma haidurojin ake nema ba mai ba, sai a ƙara wuta sosai, digiri 800 zuwa sama, a sa tururin ruwa da 'yar oksijin kaɗan, komai ya wargaje ya koma cakuɗen gas biyu, haidurojin da kabon monoksaid, daga nan a sake haɗa shi kabon monoksaid ɗin da tururi ya ƙwace oksijin ɗin ruwan ya sako ƙarin haidurojin, shi kuma ya koma kabon dayoksaid, sai a tace. Wannan cakuɗen gas ɗin ma ana iya sake ɗinke shi ya zama ruwan mai ta hanyar da Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano a Jamus tun 1925, wadda kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya shafe shekaru da dama yana yin mai daga kwal da ita.

Ka lura da shekarun nan fa. 1925. Sannan tun a shekarun 1970 Farfesa Walter Kaminsky yake dafa roba ta zama mai a jami'ar Hambug, kamfanin sinadarai na BASF ma ya gina masana'antar gwaji a birnin Ludwigshafen na Jamus a 1994 ya rufe ta bayan kamar shekara biyu. Kenan maganar mayar da roba mai ba sabuwa ba ce ko kaɗan, babu wanda zai je ofishin rajista a yau ya ce shi ya ƙirƙiro ta a ba shi takarda. Toh in haka ne me ake yi wa rajistar?

A nan gizo ke saƙar. Dokar kusan kowace ƙasa, bisa yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995, sharaɗi uku take nema: abun ya zama sabo wanda ba a taɓa bayyana shi a ko'ina ba, ya zama ba abin da duk wani ƙwararre a fannin zai hango da kansa cikin sauƙi ba ne, sannan ya zama ana iya amfani da shi a masana'anta. Tunda babbar hanyar tsohuwa ce, abin da ya rage wa mai nema shi ne ƙananan kwanoni: wani sinadarin ingiza aiki da ake ce wa katalis wanda zai sa robar ta fashe a digiri 250 maimakon 500, ko wata siffa ta tukunya da za ta hana kaki toshe bututu, ko dabarar cire kulorin kafin a shiga babbar tukunya, ko yadda ake juyar da gas ɗin da ya fito ya koma ya hura wutar da ke dafa robar. Kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a wurin mai aikin, wani lokaci su ne bambancin riba da faɗuwa, amma dai ba su ne "an gano yadda ake mayar da roba mai" ba.

Wanda yake so ya san ainihin abin da aka mallaka kada ya tsaya a kan take ko dogon bayanin farko, ya gangara can ƙarshen takardar inda aka jera da'awowi da lamba. Misali a ce da'awa ta 1 ta ce: hanyar da ta ƙunshi niƙa robar, a dumama ta zuwa digiri 300 a cire iskar kulorin, sannan a tura ta tukunya ta biyu mai zafin digiri 450 zuwa 520 a kan katalis mai ɗauke da nikel, sannan a raba gas da mai. Toh iyakar abin da mai takardar ya mallaka kenan, waɗannan matakan dukkansu a haɗe. Wani ya zo ya yi nasa a tukunya ɗaya, ko ya sa ƙarfe maimakon nikel, galibi ya fita daga iyakar, sai dai in kotu ta ga cewa canjin na yaudara ne kawai. Shi ya sa lauyoyi ke kwana a kan kalma ɗaya, mai nema yana so da'awar ta yi faɗi ta haɗiye kowa, jami'in bincike yana matse ta yana nuna masa tsofaffin takardun da suka riga shi, a yi ta kai da komo shekara biyu, uku, wani lokaci fiye, a ƙarshe abin da ake bayarwa sau da yawa siriri ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da aka nema.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wannan: ofishin rajista ba ya gwada injin. Jami'in da ke duba takarda yana zaune ne a gaban kwamfuta yana binciken abin da aka taɓa rubutawa, ba ya zuwa masana'anta, ba ya auna lita nawa ta fito, ba ruwansa da ko za a ci riba, ba ruwansa da hayaƙin da zai fita. In dai bayanin ya isa ƙwararre ya bi ya maimaita kuma bai saɓa wa dokokin kimiyya ƙiri-ƙiri ba, ya wadatar. Hanyar da ke cin wutar lantarki fiye da ƙarfin man da take fitarwa tana iya samun takarda lafiya lau. Ga kuma wata dabara da ake yi wa mutane, a ce "mun shigar da takarda", wanda ke nufin an miƙa buƙata ne kawai ba a amince ba tukun, a Amurka ma akwai buƙatar wucin gadi ta wata 12 da ko dubata ba a yi, amma a talla sai a haɗa su duka a jaka ɗaya.

Kada a ɗauka ina ƙin tsarin ne, a'a. Asalinsa ciniki ne mai ma'ana tsakanin mai ƙirƙira da al'umma, tun dokar da birnin Benis ya yi a 1474: ka fito da sirrinka fili kowa ya karanta, mu kuma mu hana kowa kwaikwayonka na wani lokaci. Yau lokacin shekara 20 ne, kuma ana fara ƙirgawa ne daga ranar da ka shigar da buƙata ba ranar da aka ba ka ba, bayan wata 18 da shigarwa kuma a wallafa bayananka duniya ta gani ko an ba ka ko ba a ba ka ba. A fanni irin wannan da gina masana'anta ke cin ɗaruruwan miliyoyin dala, ba wanda zai zuba kuɗinsa shekara goma yana gwaji in ya san gobe maƙwabcinsa zai kwafe a banza. Sai dai shekara 20 ɗin a nan ba ta da yawa kamar yadda ake zato, kafin ka tashi daga kwalbar ɗakin gwaji zuwa injin da ke cin tan ɗaya a rana, zuwa samun izinin hukumar muhalli, zuwa neman bashi, zuwa masana'antar gaske, rabin lokacin ya tafi, kana ta biyan kuɗin sabuntawa kuma ba ka sayar da ko lita ɗaya ba. Takardu da yawa haka suke mutuwa tun kafin wa'adinsu domin masu su sun gaji da biya.

Sannan babu wani abu wai shi takardar duniya. Kowace takarda a ƙasar da ta bayar da ita kawai take aiki. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga shigarwar farko ka je sauran ƙasashe ba tare da ka rasa matsayinka a layi ba, yarjejeniyar PCT ta 1970 da WIPO, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya, ke kula da ita daga Janeba, wadda ƙasashe sama da 150 ke ciki, ta ƙara maka lokaci zuwa kusan wata 30, amma a ƙarshe dole ka shiga ƙasa-ƙasa ka biya lauya da mai fassara da ofis. Dan haka yawanci ana zaɓar manyan kasuwanni ne kawai, Amurka, Turai, Sin, Japan, Koriya ta Kudu, a bar sauran. Ma'anar wannan babba ce kuma mutane ƙalilan ne suka san ta: a duk ƙasar da ba a yi wa hanyar rajista ba, kowa na iya ɗaukar bayanin ya yi aiki da shi a cikin gida ba tare da ya taka doka ba, matsala sai in zai fitar da kayan zuwa inda takardar ke aiki.

Wani abu kuma ga malaman jami'a da ɗalibai masu gaggawar shela. In ka fito ka bayyana dabararka a taro ko a mujalla ko a bidiyo a intanet kafin ka shigar da buƙata, a Turai ka kashe ta da hannunka domin ta daina zama sabuwa, Amurka da wasu ƙasashe ne ke ɗaga ƙafa na shekara ɗaya. Kafin a yi magana a shigar.

Akwai kuma wahala ta musamman da takardar hanyar sarrafawa ke da ita wadda takardar kaya ba ta da ita. In wani ya kwaikwayi na'urarka sai ka saya a kasuwa ka kwance ka nuna wa alƙali. Amma haidurojin haidurojin ne, dizal dizal ne, ba tambarin da zai nuna da wace tukunya aka dafa shi, kuma ba za a bar ka ka shiga masana'antar abokin gasa ka leƙa ba. TRIPS ta yi ƙoƙarin toshe wannan, sashe na 28 ya ce kariyar ta shafi har kayan da aka samu kai tsaye daga hanyar, sashe na 34 kuma ya ba kotu damar juya nauyin hujja a wasu yanayi ta ce wanda ake ƙara shi zai nuna cewa hanyarsa daban ce. Duk da haka shari'ar tana da tsada da tsawo. Tarihin roba kansa ya shaida, Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips Petroleum sun samo folifurofilin a 1951, Giulio Natta a Italiya ya samo nasa a 1954, aka shiga rigimar wa ya riga wa tsakanin manyan kamfanoni, ba a ba Phillips takardarsa ta Amurka ba sai 1983. Shekara 30 da 'yan kai. Ganin irin haka ne ya sa kamfanoni da dama ke yin rabi da rabi, su yi wa siffar injin rajista tunda ana iya ganinta, ainihin haɗin katalis da yadda ake daidaita wuta kuma su ɓoye a matsayin sirrin kasuwanci, wanda ke nufin al'umma ba ta samu cikakken rabonta na cinikin ba.

Yanzu mu zo kan lissafin da babu takardar da za ta iya canza shi. Ɗauki tan ɗaya na foliyetilin tsantsa mai tsabta. Haidurojin da ke cikinsa kusan kilo 143 ne, sauran kilo 857 duk kabon ne. Tambayar da ya kamata a fara yi wa duk mai sabuwar hanya ita ce, ina kabon ɗin nan ya tafi? In an mayar da shi mai an ƙona a inji, ya fita ta salansa a matsayin kabon dayoksaid sama da tan 3, wato an jinkirta ƙona robar ne kawai, an bi da ita ta doguwar hanya. In kuma ta hanyar tururi aka bi, a takarda za ka iya samun haidurojin har kusan kilo 430 saboda ruwan ma ya ba da nasa, amma fa tan 3 ɗin nan na nan zai fito ta bututun masana'anta, kuma a aikace ba a kaiwa wannan adadin domin dole a ƙona wani kaso na robar ko gas ɗin a samu zafin da ake buƙata. Haidurojin da ake yi da iskar gas a yau yana fitar da kabon dayoksaid kilo 9 zuwa 10 a kowane kilo ɗaya, na roba in ba a kama hayaƙin an adana ba, ba lalle ya fi shi tsabta ba, yana iya ma fin sa datti. Kiransa makamashi mai tsabta haka kawai ba daidai ba ne.

Wannan ne ya sa ayyuka biyu suka fi jan hankalina. A 2020 masana a jami'ar Oksfod tare da Farfesa Peter Edwards suka wallafa a mujallar Nature Catalysis cewa sun niƙa roba sun cakuɗa ta da garin katalis na ƙarfe da alminiyom suka sa a maikurowef, zafin ya taso daga cikin ƙwayoyin katalis ɗin maimakon daga bangon tukunya, cikin daƙiƙa 30 zuwa 90 suka ciro sama da kashi 97 na haidurojin da ke cikin robar, kabon ɗin kuma ya rage a daskare, yawancinsa a siffar wasu siraran bututai masu daraja a masana'antu. A 2023 kuma ɗakin gwajin James Tour a jami'ar Rice da ke Amurka ya nuna wata hanyar, a tura wa robar wutar lantarki mai ƙarfi na kamar daƙiƙa 4 zafi ya kai digiri 3,100 a ma'aunin Kelbin, wato kusan 2,800 a ma'aunin da aka saba, haidurojin ya tsere, kabon ya koma girafin, wani siririn nau'in kabon mai tsada, har suka lissafa cewa ko da kashi 5 cikin 100 na farashinsa na kasuwa aka sayar da girafin ɗin, kuɗin yin haidurojin ya fita. Waɗannan kam sun amsa tambayar ina kabon ya tafi, kuma irinsu ne suka cancanci takarda da gaske. Amma dukkansu gwaji ne na 'yar roba kaɗan a ɗakin bincike, sannan kasuwar girafin da siraran bututan nan ƙarama ce ainun idan aka ajiye ta kusa da shara tan miliyan ɗari uku da wani abu, ranar da aka fara fitar da su da yawa farashin da aka gina lissafin a kansa zai rikito.

Ga kuma ita sharar gaske, wadda ba ta kama da farin garin roba da ake gwaji da shi. Tana zuwa da ruwa da ƙasa da ragowar abinci da takardar tambari da fenti da guntun ƙarfe. A cikinta akwai PVC, irin ta bututun ruwa da bawon waya, wadda fiye da rabin nauyinta, kusan kashi 57, kulorin ne, da ta ji wuta sai ta saki iskar asid mai cin ƙarfe ta lalata tukunya ta gurɓata man, alhali masana'antun da ke sayen man su mayar da shi sabuwar roba ɗan digo kaɗan cikin miliyan suke yarda da shi. Akwai PET ta gorar ruwa, ita kuma oksijin gareta da yawa, man da take bayarwa kaɗan ne, ga wani farin asid da ke daskarewa ya toshe bututu, kuma dama ita gara a wanke ta a narkar a sake gora da ita. Robobin kayan lantarki kuma da sinadarin hana kama wuta mai buromin. Duk waɗannan suna kashe katalis, wanda wani lokaci da filatinom ko rutiniyom mai tsadar gaske aka yi shi. Injin da ya yi awa biyu yana aiki sumul da roba mai tsabta, a ba shi ta juji ya yi wata shida ba tsayawa, a nan ake gane na gaske.

Misalai biyu sun isa. A garin Ashley na jihar Indiyana kamfanin Brightmark ya gina masana'antar dala miliyan 260 da aka tsara za ta ci roba tan 100,000 a shekara, a watan Maris na 2025 sassan kamfanin da ke riƙe da ita suka nemi kariyar kotu saboda bashi, lokacin tana aiki da kusan kashi 5 cikin 100 na ƙarfinta. A ɗaya gefen kuma, a birnin Kawasaki na Japan, masana'antar Showa Denko da yanzu ake kira Resonac tun 2003 take mayar da sharar roba gas, kusan tan 200 a rana, tana ciro haidurojin tana yin amoniya da shi, sinadarin da ake yin taki da sauran kaya da shi, kabon dayoksaid ɗin kuma a tara a sayar wa masu lemon kwalba da busasshiyar ƙanƙara, har wani otal a birnin ya yi amfani da haidurojin ɗin wajen samun wuta. Me ya sa wannan ta rayu sama da shekara 20? Japan tana da dokar 1995 da ta ɗora wa kamfanoni nauyin kuɗin sarrafa mazuban kayansu, mutane suna ware shara tun daga gida, robar tana isowa a tace kuma ana biyan masana'antar ta karɓa, sannan mai cin haidurojin ɗin yana nan cikin harabar, ba sai an matse shi a tanki ko an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili an yi doguwar tafiya da shi ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a cikin takardar haƙƙin ƙirƙira.

Kasuwar haidurojin dai tana nan, duniya ta yi amfani da kusan tan miliyan 97 a 2023 a cewar Hukumar Makamashi ta Duniya, yawanci a matatun mai da masana'antun taki, kuma wanda aka samar ta hanya mai ƙarancin hayaƙi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kenan akwai gurbi. Ni a ganina wurin wannan fasaha shi ne robar da ba yadda za a yi da ita, ledoji masu hawa-hawa da aka manna da alminiyom, da wadda ta yi datti ta cakuɗe, wadda in ba haka ba ƙarshenta juji ko wuta a fili. Amma ban yarda a kira yin mai da roba sake sarrafawa ba, kuma dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ma ta fito ƙarara ta ce mayar da shara makamashi ko mai ba ya cikin wannan suna. Abin tsoro shi ne a riƙe takardun nan a matsayin hujjar ci gaba da ƙera roba ba iyaka, a ce ai an samu magani, musamman ganin yadda tattaunawar yarjejeniyar roba ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince a fara a Nairobi a 2022 ta watse ba matsaya a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, ta sake watsewa a Janeba a watan Agustan 2025, kuma babban abin da ya raba kawuna shi ne batun rage yawan ƙerawa.

Saura maganar wa zai amfana in hanyar ta tabbata tana aiki. Shara ta fi yin ɓarna a inda babu kuɗin sayen lasisi mai tsada, dan haka yadda mai takarda zai ba da lasisi ya fi samun takardar muhimmanci. An taɓa gwada buɗe ƙofa, a 2015 Toyota ta saki takardu kusan 5,680 da suka shafi motar haidurojin kowa ya yi amfani ba tare da biya ba, WIPO ta kafa dandalin WIPO GREEN a 2013 domin haɗa masu fasaha da masu buƙata, kafin nan a 2008 IBM da Nokia da Sony da Pitney Bowes sun kafa wata ma'ajiya ta takardun muhalli kyauta, aka rufe ta a 2016 ba ta yi wani tasiri ba, kuma dalilin bai da wuyar ganewa: takarda ba ta zuwa da injiniyan da ya san ƙarar da tukunya ke yi in kaki ya fara taruwa. Musamman abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnati a jami'o'i, bai kamata a miƙa shi ga kamfani ɗaya ya kulle a durowa ba, a sa sharaɗin cewa in bai gina komai ba cikin wasu shekaru lasisin ya koma, kuma a haɗa da horar da mutane.

Ga matasa masu sha'awar fannin kuma, kusan duk takardar da aka shigar sama da shekara 20 da suka wuce ta zama ta kowa, kuma suna nan kyauta a shafukan intanet na Espacenet da Google Patents da Patentscope da zanensu da ma'aunin zafinsu, dubbai a kan dafa roba kaɗai, duk wanda ya zauna ya karanta ashirin daga ciki zai ga kurakuran da wasu suka riga suka biya kuɗinsu, kuma zai san ko tasa dabarar sabuwa ce kafin ya kai wa lauya kuɗi. Sai dai don Allah kada a ɗauki zane a je a haɗa da tsohuwar ganga a bayan gida. Gas ɗin da ke fita daga tukunyar nan yana kama wuta nan take, in iska ta kutsa ciki tana da zafi fashewa take yi, kabon monoksaid ba shi da wari kuma yana kisa, in kuma PVC ta shiga ta haɗu da oksijin ana iya samun dayoksin, gubar da ke taruwa a jiki shekara da shekaru. Man da ya fito ma ba a zuba shi a inji kai tsaye, sai an tace an cire kulorin da datti an auna shi a ɗakin gwaji.